Yadda zaka hau metro Layi na 3 a Alƙahira daga Abbasiya zuwa Masrul Jadida har Adli Mansur, da inda kowace tasha take sauke ka

Wannan bayanin na sabbin zuwa ne, musamman ƙannenmu ɗalibai da suke sauka Masar duk shekara, da masu kawo mara lafiya asibiti da 'yan kasuwa. Gabashin Alƙahira, wato ɓangaren Abbasiya da Masrul Jadida da gefen Madinat Nasr, nan ne yawancin harkokinmu suke, kuma Layi na 3 ne yake ratsa wajen. Hawa metron ba wani abu bane mai wahala, abinda yake ɓatar da mutane shine sunayen tashoshin, don da yawansu sunan yana nuna maka wani waje amma in ka fito sai ka ganka a wani wajen daban. Toh shi zan fi tsayawa akai.

Abubuwan da zaka tanada kafin ka fita

Canji. Ƙananan kuɗi, 'yan fam (kuɗin Masar) biyar da goma da ashirin, da tsabobi in ka samu. Su Misirawa fakka suke ce masa kuma kowa ɓoye nasa yake, in ka miƙa 200 a tagar tikiti da safe ana layi a bayanka, za'a baka canjin amma da harara.

Waya mai caji da data. Ka sauke taswirar Alƙahira a Google Maps tun kana gida inda akwai wifi, don a ƙarƙashin ƙasa sabis yana ɗaukewa. In baka da data ko wayar ta mutu, a cikin kowace tasha da saman ƙofofin jirgi akwai taswirar layin da Larabci da Turanci, ita kaɗai ma ta isa.

Fasfo ko kwafinsa tare da shafin iƙama, wato izinin zama a ƙasa, da katin makaranta in kai ɗalibi ne. Ba kullum ake tambaya ba amma ranar da aka tambaya baka da shi ranar zaka gane.

Sunan wajen da zaka je a rubuce da Larabci, ko a takarda ko a hoton waya. Ko da ka iya Larabcin makaranta, nasu na titi daban ne, jimun ma ga suke mayar da ita, ƙaf kuma su haɗiye ta, to nuna rubutu yafi sauri akan dogon bayani.

Jaka ƙarama wadda zaka iya juyo da ita gaba. Babban akwati yana shiga amma wahala ce zalla lokacin cunkoso.

Mataki na 1: ka san layin a kai tukunna

Metron Alƙahira layi uku ne suke aiki. Na ɗaya tun 1987 yake, daga Helwan zuwa Marj. Na biyu daga Shubra zuwa Munib ta Giza. Na ukun shine namu, koren layi a taswira, shi yafi sabunta kuma yafi sanyin esi. A hankali aka riƙa buɗe shi, Ataba zuwa Abbasiya a 2012, aka kai shi Al-Ahram a 2014, Nadi Shams a 2019, sannan Adli Mansur a 2020.

In ka taso daga tsakiyar gari jerin tashoshin kenan: Ataba, Babu Sha'ariyya, Al-Jaish, Abdu Basha, Abbasiya, Ardul Ma'arid, Istad, Kulliyatul Banat, Al-Ahram, Harun, Heliyopolis, Alf Maskan, Nadi Shams, Nuzha, Hisham Barakat, Ƙuba, Umar bin Khaɗɗab, Haikistab, Adli Mansur.

Ba sai ka haddace duka ba. Ka riƙe abu ɗaya kawai: duk inda zaka a wannan ɓangaren daga cikin gari, allon da aka rubuta Adli Mansur zaka bi. Ba a rubuta gabas ko yamma, sunan tashar ƙarshe ake rubutawa. In kuma dawowa kake to ka bi allon Kit Kat ko Rodul Faraj ko Jami'atul Ƙahira.

Inda ake canza layi: daga Layi na 2 ka sauka Ataba, daga Layi na 1 ka sauka Nasir. In jirgin ƙasa ko motar wani gari ta ajiye ka a Ramsis, tashar wajen Shuhada ce, ka hau Layi na 2 mai zuwa Munib, tasha ɗaya tak ka sauka Ataba ka canza. Kar ka fita ta ƙofar tikiti wajen canza layi, in ka fita shikenan tikitin ya mutu sai ka sayi wani.

Mataki na 2: shiga tasha da sayen tikiti

Alamar tasha babban harafin M ne ja. Kana sauka zaka tarar da na'urar duba kaya, ka ɗora jakarka ta wuce kai ma ka wuce, babu wani surutu.

Kuɗin tikiti da yawan tashoshi ake lissafa shi. A ƙarin da aka yi cikin 2024, har tasha 9 fam 8 ne, har 16 fam 10, har 23 fam 15, abinda ya haura haka fam 20. Farashi yana motsi, don haka ka kalli allon da ke jikin taga, amma tsarin lissafin dai haka yake. Shawarata kar ka tsaya ƙirga da yatsa, ka faɗa wa mai tagar sunan tashar da zaka sauka kawai shi zai baka wanda ya dace. Wannan yafi amfani in tafiyar taka akan iyaka take, misali Ataba zuwa Harun, inda kuskuren tasha ɗaya zai sa ƙofa taƙi buɗe maka a can.

Ka zura tikitin a ƙofa, zai fito ta gaba, KA ƊAUKE shi. Nan ne sabbin zuwa suke yin kuskure na farko, su wuce su bar shi ko su yar a dandamali. Da shi zaka fita, in babu tara ce, kuma tarar ta ninka kuɗin tikitin sau da yawa. Kar ka naɗe shi, kar ka bari ya jiƙe da gumi a tafin hannu.

In kullum zaka riƙa hawa ka sayi katin da ake zuba wa kuɗi, ɗorawa kawai zaka yi ka wuce ba ruwanka da layi. Ɗalibai kuma akwai ishtirak, wato katin hawa na wata uku mai rangwame sosai, ana cike fom a kai makaranta ta buga hatimi a haɗa da hotuna, ka tambayi tsofaffin ɗalibai na kulliyarku su raka ka, yafi sauƙi akan ka tafi kai kaɗai.

Mataki na 3: a dandamali da cikin jirgi

Akwai taragun mata a tsakiyar jirgi, a dandamali akwai allo da yake nuna daidai inda suke tsayawa. 'Yar uwa in ke kaɗai ce nan zaki tsaya, hankalinki kwance. Mace tana iya shiga kowane tarago, namiji ne ba ya shiga nasu. Ɗan uwa in gudu ya kwashe ka ka faɗa ciki, tun kafin ma'aikaci ya iso matan da kansu zasu sanar da kai, ka sauka a tasha ta gaba ka koma na kusa, tara ake ci akai. In kuna tafe da iyali to ku shiga na kowa tare, kar ku rabu kuce ku haɗu a gaba, wanda bai san tasha ba zai wuce.

Cunkoso yafi yawa da safe wajen bakwai zuwa tara, da kuma daga biyu na rana zuwa biyar lokacin tashin ma'aikata da 'yan makaranta. Da azumi kuwa awa ɗaya zuwa biyu kafin shan ruwa sai a hankali. Juma'a da safe jirgi fayau. Yana fara aiki wajen biyar na asuba ya tashi wajen ɗaya na dare, amma dan Allah kar ka dogara da jirgin ƙarshe.

In tasharka ta kusa ka matso bakin ƙofa tun ana saura ɗaya. Zaka ji na bayanka yana ce maka nazil? wato zaka sauka ne, in eh kace aiwa, in a'a ka kauce masa. Kai ma haka zaka tambayi na gabanka. Ƙofa bata jira.

Mataki na 4: tashoshin ɓangaren Abbasiya

Babu Sha'ariyya bata cikin unguwannin da muke magana amma dole in ambace ta, don ita ce ake sauka in za'a Masallacin Azhar da Husain da kasuwar Khan Khalili, ko ita ko Ataba. Daga nan a ƙafa ne ko ɗan gajeren mota.

Abdu Basha: kusa da tsangayar injiniya ta Jami'ar Ain Shams. Mazauna Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban Azhar 'yan ƙasashen waje, ta nan ko ta Abbasiya suke kama hanya. In yau ne zuwanka na farko Bu'us da kaya, ka kira wanda zai tarbe ka ya faɗa maka wacce daga ciki zai jira ka.

Abbasiya: wannan babbar mahaɗa ce. Alamarka Masallacin Nur, ƙato mai dogayen hasumiyoyi biyu a bakin dandalin, in kana ganinsa baka ɓata ba. Jami'ar Ain Shams nan kusa take, babbar cocin Kibɗawa ma a unguwar take. Abinda yafi kawo mutanenmu nan shine babban ofishin fasfo da iƙama, Jawazat, wanda aka ɗauke daga Mujamma na Tahrir aka dawo da shi Abbasiya a 2019. Har yanzu akwai masu tura baƙo Tahrir da tsohon bayani, kar ka bi. Ka yi sammako, ka yi fotokwafin komai tun daga unguwa.

Ga tarko na farko. Abu uku ne masu kama da juna: Jami'ar Ain Shams, unguwar Ain Shams, da Nadi Shams. Jami'ar a Abbasiya take, ta Layi na 1 kuma Manshiyatus Sadr ce tasharta. Tashar da ake kira Ain Shams a Layi na 1 take can nesa wajen Maɗariyya hanyar Marj, unguwa ce da baƙi 'yan Afirka suke da yawa, ba ruwanta da jami'a. Nadi Shams kuma kulob ne na wasanni a Layi na 3. In an ce maka Ain Shams ka tambaya, jami'a ko unguwa? Asibitin Dimirdash na koyarwa na jami'ar shi kuma tasharsa Dimirdash a Layi na 1.

Mataki na 5: Ardul Ma'arid da Istad, ƙofar Madinat Nasr

A nan sai ka fahimci wani abu, Layi na 3 gefen Madinat Nasr yake shafa ya wuce, baya shiga cikinta. Hayyu Sabi', Hayyu Ashir, Abbas Aƙƙad, Makram Ubaid, duk babu wanda metro zai ajiye ka a ƙofarsa. Sauka zaka yi a Abbasiya ko Ardul Ma'arid ko Istad ka ƙarasa da mota.

Ardul Ma'arid tsohon filin baje koli ne akan titin Salah Salim. Tarko na biyu kenan, baje kolin littattafai na Alƙahira da ɗalibai suke ɗoki duk farkon shekara ya bar nan tun 2019, ya koma sabuwar cibiyar baje koli a Tajammu'ul Khamis. In ka sauka nan kana neman littafi sai dai ka nemi motar da zata kaika can.

Istad ita ce ta babban filin wasa na Alƙahira. Masu kallon ƙwallo sun san shi, nan Super Eagles suka ci Afirka ta Kudu 2-1 a gasar Afirka ta 2019, kuma nan Aljeriya ta fitar da mu a wasan kusa da na ƙarshe da bugun tazarar Mahrez a minti na ƙarshe, Allah ya kyauta. Ranar da kulob ɗin Ahli ko Zamalik suke da babban wasa ka kauce wa tashar nan da yamma in ba kallon zaka ba. A kewayen nan akwai Fanoramar Yaƙin Oktoba na 1973, sannan a titin Nasr akwai dandalin tunawa da sojan da ba'a sani ba inda kabarin Anwar Sadat yake. Harabar Jami'ar Azhar ta Madinat Nasr ma ta wannan ɓangaren ake nufarta, amma da ɗan nisa, da rani kar ka ce zaka taka.

Yadda ake hawa mikrobas, wato 'yan ƙananan fararen bas ɗin nan irin hayis: ka tsaya bakin titi, in ta rage gudu ka ɗaga murya ka faɗi inda zaka, Sabi' ko Ashir, in can zata zai tsaya. Babu kwandasta a yawancinsu, kuɗi hannu da hannu ake miƙawa har ya isa gaba, canji ya dawo ta haka. Ka kalli abinda na kusa da kai ya bayar ko ka tambaye shi. In zaka sauka kace ala gamb ya usɗa, wato direba tsaya a gefe. In baka shirya wa wannan ba tukuna, ka kira Uber ko inDrive daga bakin tasha, yafi tsada amma babu ciniki babu ɓata. Farar tasi kuma ka tabbatar ya kunna mita ko ku gama magana kafin ka zauna.

Mataki na 6: Masrul Jadida, inda tarkon yafi yawa

Ita wannan unguwa asalinta hamada ce. Wani attajiri ɗan Beljiyam, Baron Empain, shi ya fara gina ta a 1905 a matsayin sabon gari a wajen Alƙahira, har da taragon lantarki da yake haɗa ta da cikin gari. Shi yasa tsarin titunanta da gine-ginenta suka bambanta da sauran wurare. Masrul Jadida da Heliyopolis duk ita ce, amma direba yafi gane na farkon.

Kulliyatul Banat: 'yan uwa mata ku kula da kyau. Wannan kwalejin mata ce ta Jami'ar Ain Shams, BA ta Azhar ba. Ɓangaren mata na Azhar a Madinat Nasr yake. Ɗaliba sabuwa tana ganin sunan a taswira sai ta ɗauka an gama, ta sauka tayi ta zagaye. Amfanin tashar a wajenmu shine daga nan City Stars ba nisa a mota, wannan katafaren mol ɗin da kowa yake son zuwa.

Kuma tunda na ambaci City Stars, adireshinsa titin Umar bin Khaɗɗab ne, a layin kuma akwai tasha mai suna Umar bin Khaɗɗab can kusa da ƙarshe. Ba waje ɗaya bane ko kusa, in ka bi sunan zaka tsinci kanka a hanyar Isma'iliyya kana kallon gadoji.

Al-Ahram: wannan ita ce uwar tarkon. Al-Ahram da Larabci dalar Fir'auna ake nufi, amma babu dala ko ɗaya a nan. Sunan titin da tashar take kai ne. Dalar Fir'auna suna Giza, ɗaya ƙarshen garin gaba ɗaya, Layi na 2 ake hawa a sauka tashar Giza a ƙarasa da mota. Amma ita Al-Ahram tasha ce da ya kamata ka sauka ko sau ɗaya don yawo, ni a ganina duk layin babu wadda ta kaita. Kana fitowa ga Basilika, babbar coci mai ƙubba a ƙarshen titin, a cikinta aka binne shi Baron ɗin. Ga Korba da titin Bagadaza, tsofaffin gine-gine masu baranda da rumfunan da zaka yi ta tafiya a inuwa, shaguna da wuraren shan shayi da bankuna. Kayan wajen da tsada, kallo dai kyauta ne.

Ƙasrul Baron, fadar da ya gina wa kansa aka gama a 1911, tana kan titin Uruba hanyar filin jirgi. Ginin kamar wurin bautar Indiyawa, ja-ja haka, baka iya wuce shi baka waiga ba. An gyara ta an buɗe wa masu ziyara a 2020. Daga Al-Ahram ana takawa, amma Uruba babban titi ne motoci gudu suke ba wasa, ka nemi inda mutane suke tsallakawa ka bi su a tare. Kuɗin shiga na baƙo daban da na ɗan ƙasa, katin ɗalibi yana rage maka, kuma ka riƙe katin banki don wuraren tarihi da yawa sun daina karɓar kuɗi a hannu.

Gargaɗi mai muhimmanci a nan: fadar shugaban ƙasa ta Ittihadiyya tana wannan yankin, da can otal ce. Kar ka ɗaga waya wajen katangarta, kar ka tsaya kana selfi. Haka duk inda ka ga soja ko ɗan sanda a ƙofa, kuma wannan ɓangaren na gari cike yake da gine-ginen soja tun daga Salah Salim. A cikin tashar metro ma ka bar ɗaukar hoto, babu abinda zai ƙara maka.

Harun da Heliyopolis: unguwannin zama ne da asibitoci masu zaman kansu da dakunan likitoci. Masu zuwa ganin likita, kar kaji an ce asibitin yana Heliyopolis ka ɗauka tashar Heliyopolis ce, unguwar faɗi gareta, tasha kusan biyar ne a cikinta. Ka sa sunan asibitin a taswira ka ga wacce tafi kusa. In da mara lafiya ne wanda baya iya hawa bene, ka nemi lif, tashoshin wannan layin suna da shi, in ka tarar baya aiki ko jikin ya yi tsanani ku haƙura da metro ku ɗauki mota tun daga gida.

Mataki na 7: daga Alf Maskan zuwa ƙarshen layi

Alf Maskan tashar motoci ce babba akan titin Jisr Suwais, hayaniya da 'yan talla da mikrobas ta ko'ina. Wanda zai shiga unguwar Ain Shams daga Layi na 3 nan yake sauka ya ƙarasa da mota ko tuk-tuk, wato keke napep ɗinsu. Ka riƙe wayarka da kyau a nan.

Nadi Shams da Nuzha babu abin dogon bayani. Bayan Nuzha jirgin yana fitowa daga ƙasa ya hau gada, sai ka riƙa ganin gari ta taga, Hisham Barakat, Ƙuba, Umar bin Khaɗɗab, Haikistab. Haikistab yankin barikin soja ne, maganar hoto tana nan.

Maganar filin jirgi, tunda kullum sai an tambaya: metro baya shiga filin jirgin Alƙahira. Zaka ga layin ya zagaya kusa da shi a taswira amma babu tasha a ciki. In kayanka kaɗan ne ka sauka Al-Ahram ko Heliyopolis ko Nuzha ka kira mota, kuɗin zai ragu sosai akan daga tsakiyar gari. In kuwa tafiya gida ce da akwatuna biyu da Ghana-must-go na littattafai, wlh ka manta da metro.

Adli Mansur ita ce ƙarshe, kuma ba ƙaramar tasha bace. Nan ake canzawa zuwa jirgin lantarki mai sauƙi da aka buɗe a 2022, mai bi ta Ubur da Shuruƙ da Badar, reshe ɗaya ya nufi Ashir min Ramadan ɗaya ya nufi sabon babban birnin gwamnati. Tikitinsa daban ne, na metro baya yi. Akwai kuma tashar manyan bas. Kar ka haɗa Ashir min Ramadan da Hayyu Ashir, na farko gari ne na masana'antu mai nisa a wajen Alƙahira, na biyun unguwa ce a Madinat Nasr, kuma duka biyun Ashir direbobi suke kira. Ka tambaya kafin ka shiga.

Mataki na 8: fita daga tasha da dawowa

Kowace tasha tana da ƙofofin fita fiye da ɗaya kuma an rubuta sunan titin da kowacce take fitarwa. Ka tsaya ka karanta kafin ka hau bene, don fita ta ƙofar da ba ita ba yana nufin tsallaka titi mai layi huɗu ko biyar. In kun yi alƙawari da wani kar kuce mu haɗu a Abbasiya kawai, ku ajiye alama, misali ƙofar Masallacin Nur, ko gaban tagar tikiti a ciki.

In ka wuce tasharka ba komai, ka sauka a ta gaba ka zagaya ɗaya dandamalin ba tare da ka fita ta ƙofar tikiti ba. In baka ga hanyar zagayawa ba ka nuna wa ma'aikacin da ke tsaye a ƙofa, zai nuna maka.

Wajen dawowa, in iyakarka Ataba ko Nasir ko Zamalik ce to duk jirgin da yazo ka hau. Ofishin jakadancin Najeriya a Zamalik yake, tashar unguwar sunanta Safa Hijazi, kar ka tsaya neman wadda aka rubuta Zamalik. Amma bayan Kit Kat layin ya rabu biyu, wani jirgin Rodul Faraj zashi wani Jami'atul Ƙahira, don haka in zaka wuce Kit Kat ka duba allon dandamali da goshin jirgin kafin ka shiga, in kuma ka riga ka hau wanda ba shi ba ka sauka a Kit Kat ka jira na bayansa.